Jinyar Kifayen da Maigida Ya Bari

Ban yi jinyar mijina ba. Ya fita da mota ran Talata, ran Alhamis aka bugo waya aka ce motar ta kife bayan Gaya, kafin a isa da shi likita rai ya yi halinsa. Can aka yi masa sutura. Abin da ya dawo mini Malbaza salularsa ce da agogo, wani direba abokinsa ya kawo a leda. Saboda haka jinyar da zan ba da labarinta ba tasa ba ce, ta kifayensa ce. Wadda ta ga abin dariya ne ta yi dariyarta, ba zan ji haushi ba. Na rubuta ne don matar da mijinta ke kiwon wani abu a gida, kullum tana share gefen abin, ba ta taɓa tambayarsa yadda ake yi ba.

Babbar mota yake ja, ya sauka Kotonu da albasa, ya hauro da kayan bakin ruwa. Shekara uku kafin rasuwarsa ya shigo mini da akwatin gilashi mai tsawon tabarmar salla, ya kafa shi a falo. Ya zuba farin yashi da duwatsu masu ramuka, ya sa ɗan inji mai hura kumfa, ya ɗora pano mai ɗaukar hasken rana a kan rufi ya haɗa da tsohon batirin mota saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Kifayen na teku ne, ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri, gishirin ma na musamman ne da yake kawowa a buhu. Na ce masa mutane na kawo wa matansu atamfa daga Kotonu, shi ya kawo mini ruwan da ba a sha da kifin da ba a ci. Ya yi dariya ya ci gaba da goge gilashinsa.

Su biyar ne ranar da ya rasu. Akwai biyu masu ruwan lemo da fararen zane, mata da miji, waɗanda ya sa wa Hajiya da Alhaji. Macen ta fi girma, kullum tana korar namijin, ya ce kamar gidanmu. Akwai shuɗaye biyu ƙanana. Sai wani rawaya mai faɗi da ya kawo a tafiyarsa ta ƙarshe da ya dawo lafiya. Aikina in ba ya nan biyu ne kawai: in barbaɗa musu abinci da safe, sannan in ruwa ya sauka ƙasa da zanen da ya ja a jikin gilashin, in ƙara daga wani bido rawaya, jarkar roba, da yake cika mini kafin ya tafi. Shekara uku ina ɗaga bidon nan, ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

Makon farko gida ya cika da masu gaisuwa. Inna, mahaifiyata, ta zo daga Illela ta zauna da ni takaba. Ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, kukan ne bai zo ba. Ana mini gaisuwa ina amsawa, a miƙo mini fura in sha, a ce in kwanta in kwanta. Da safe kuma in tashi in barbaɗa wa kifi abinci, don hannuna ya saba. Na ji wata tana raɗa cewa mijinta bai yi bakwai ba tana wasa da kifi. Na ji ta sarai, maganar ta wuce ni kamar da wata ake.

A mako na biyu bidon ya ƙare. Lokacin zafi ne, ruwan yana sauka da sauri. Na yi tunani irin na mai hankali: kifin teku, ruwan gishiri. Na cika bidon da ruwan pampo, na ɗebo gishiri daga buhunsa ina zubawa ina ɗanɗanawa, har ya yi daidai da na cikin akwatin a harshena. Duk kwana biyu ina ƙara musu wannan haɗin har bakin zanen. Ina jin ma na iya.

A mako na uku rawayan ya fara goga jikinsa da dutse, kamar akuya mai ƙaiƙayi a jikin bango. Da na duba da kyau sai na ga fararen ɗigo a fiffikensa da wutsiyarsa, ƙanana, kamar an yayyafa masa garin gero. Yana numfashi da sauri. Kwana uku haka, sai ɗigon suka ɓace, ya ci abinci, na ce ya warke. Bayan 'yan kwanaki suka dawo, wannan karon sun fi yawa, kuma ba shi kaɗai ba. Shuɗayen sun samu, Alhaji ya samu a goshi. Ƙarshen mako na huɗu na tarar da rawayan kwance a kan yashi, launinsa ya koɗe. Na tsamo shi da ludayi na binne a gindin darbejiya, na wanke ludayin, na dama kunu.

Yaya Hamidu, wan maigida, yana da tafkunan tarwaɗa a bayan Konni, duk dangi shi ne masanin kifi. Ya zo duba ni, na nuna masa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya miƙe ya ce, "Gishiri za ki ƙara. Tarwaɗata in ta yi ƙuraje, gishiri ni ka zuba mata, kwana ukku ta warke. Balle waɗanga da gishiri na gidansu."

Na ce, "Yaya, ai ina ƙarawa."

"To bai isa ba. Ƙara hannu."

Ba ƙarya ya yi ba, tarwaɗarsa haka take warkewa. Na ƙara hannu. Kifayen suka daina yawo, suka taru a sama kusa da kumfa suna buɗe baki. Kwana huɗu shuɗi ɗaya ya mutu.

Inna tun farko tana da nata maganin. Shekara arba'in tana kiwon awaki, kuma a wurinta babu dabbar da kanwa ba ta tayarwa. "Akuya in ta ƙi ci, kanwa aka jiƙa mata," in ji ta. "Saniya kanwa, raƙumi kanwa. Mi ab bambancin kihi? Dabba dai ta." Na ce mata a'a, ban san dalili ba amma a'a. Ran wata Laraba na shiga wanka, na fito na tarar ruwan akwatin ya yi fari kamar tsarin nono, ga dunƙulen kanwa yana narkewa a kan dutse. Na cire shi, na kwashe rabin ruwan na zuba sabo, shi ma haɗin nawa mai gishiri. Kafin la'asar ɗaya shuɗin ya juya ciki sama. Inna ta zauna a bakin ƙofa ta riƙe haɓa, tana jiran in yi mata faɗa. Ban yi ba. Ba ladabi ne ya hana ni ba, faɗan ne babu shi a cikina. Sai na tambaye ta ko ta yi salla.

Mai takaba ba ta yawo, don haka Yaya Hamidu ne ya ɗauki gawar shuɗin a kwalba da ƙanƙara ya kai buron likitan dabbobi na Konni. Allah ya saka masa. Ya ce ya tarar da layi har bakin hanya, ranar ana yi wa dabbobi allura, ya tsaya tsakanin mai rago da wani Bafulatani mai ɗan maraƙi, tun hantsi har azahar. Kowa ya tambaye shi ina dabbarsa sai ya ɗaga kwalba. Ya ce bai taɓa shan dariya irin ta ran nan ba, da girmansa da furfurarsa.

Likitan dabbobin kuwa bai yi dariya ba. Ya duba da madubin ƙara girma, ya ce shi gaskiya bai karanci kifin teku ba, ba zai ba da maganin da bai sani ba. Amma ya faɗi maganar da ta zauna mini. Ya ce waɗannan ɗigon ba ƙuraje ba ne, abu ne mai rai, kamar kaska. Yana cizon kifi ya ƙoshi, ya faɗo ƙasa cikin yashi ya hayayyafa, 'ya'yan su taso su sake hawa. Shi ya sa ake ganin ya ɓace ya dawo. Ya ce a nemi wanda ya sayar da kifin, shi zai san magani.

Lambar mai kifin tana cikin salular maigida. Salular kuma tana cikin ledar da aka kawo ta, a ƙasan akwatin tufafina. Kwana takwas na yi ban kunna ta ba. Zan ɗauko ta, in riƙe, in mayar. A kwanakin nan Alhaji ya rufe da fari har ido, Hajiya ta daina korarsa. Wannan jinkirin laifina ne ni kaɗai, ba na Yaya Hamidu ba, ba na Inna ba, kuma na rubuta shi ne don a sani.

Da na kunna na samu sunan, ya rubuta Sanusi Kihi. Bahaushe ne da ke aiki a shagon kifin ado a Kotonu. Na aika masa saƙon murya. Inna ta ɗan yi gunaguni, mai takaba da magana da namijin da ba ta sani ba, na ce mata lalura ce. Malam Sanusi bai san da rasuwar ba. Saƙonsa na farko duk addu'a ne. A na biyu ya ce in nemi wani ɗan ma'auni na roba mai allura a ciki. Na san shi, yana cikin kwalin kayan maigida, na ɗauka na mota ne. Ya ce in cika shi da ruwan akwatin in ɗauki hoto. Allurar ta tashi ta buge sama, ta wuce duk lambobin.

Ya tambaye ni da me nake ƙara ruwa. Na faɗa masa, har da ɗanɗanawar. Ya aiko saƙo, ina jin ƙarar babura a bayansa, ya ce, "Madam, bidon ga ruwa na zalla. Ruwa ka tashi da zahi, gishiri ba ya tashi, yana nan ciki. In ruwa ya sauka, ruwa kawai aka maidawa. Ke kuwa kullum gishiri kika ɗorawa bisa gishiri."

Na saurari saƙon sau uku. Mako bakwai ina jiƙa kifayen mutum a ruwan da ya fi na teku, ina ganin jinya nake yi.

Maganin da ya ba ni kishiyar duk abin da muka yi ne. Ya ce in fitar da biyun da suka rage in sa su a roba mai tsabta, babu yashi babu dutse, da ɗan injin kumfa na ajiya da ke cikin kwalin. In riƙa rage gishirin a hankali da ruwan pampo da ya kwana biyu a buɗe, kaɗan kaɗan, har allura ta sauko wurin da ya nuna mini, ƙasa sosai da na teku. Kifi zai jure wannan, abin da ke cizonsa ba zai jure ba. Wata guda za su yi a haka, duk kwana biyu in canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, in auna safe da yamma. Ya ce akwai wani magani na kwalba, amma sai da abin gwajinsa, in ya yi yawa shi ma kisa yake, don haka kar in nema.

Akwatin gilashin kuma, ya ce in gyara gishirinsa in bar injin yana aiki, amma kar kifi ko ɗaya ya shiga har mako goma. "Abin ga na cikin yashi," in ji shi. "Ba ya rayuwa sai da kihi. In ya tashi bai iske wanda za ya ciza ba, yunwa ka kashe shi. Amma sai an bar gidan ba kowa. Kwana guda kika rage, aikin ya ɓaci."

Kwanana sittin da biyar a takaba ranar da na kwashe su. Alhaji ya yi kwana uku a robar. Abin ya riga ya cika masa maƙoshi, yana kwance a gefe yana ja da ƙyar, Hajiya tana zagaya shi tana taɓa shi da baki. Da safe na tarar ya daina. Na kai shi gindin darbejiya wurin sauran. Saura ɗaya, ita ce abu na ƙarshe mai rai da hannunsa ya ciyar a gidan nan.

Daga nan rayuwata ta koma bakin roba. Da rana in zafi ya tsananta sai in saka ledar ƙanƙara a ruwan, in zauna ina kallon kar ya yi sanyi da yawa. In auna, in canza, in auna. Hajiya ta ƙi abinci kwana shida, cikinta ya shige. Malam Sanusi ya ce in gwada matsa ruwan tafarnuwa a kan abincin, wasu kifayen ƙamshin na jawo su. Inna da ta ji haka ta miƙe kamar an ba ta sarauta. "Ashe dai maganin gida na da rana," ta ce, ta ɗauko ɗan turmi. Tun ranar kanwa ba ta ƙara matsowa kusa da kifi ba, sai ran nan. Ko tafarnuwar ce, ko yunwa ce ta ishe ta, a rana ta bakwai Hajiya ta ɗauki ƙwaya biyu. Inna ta ce alhamdu lillahi, ni na ce to.

Wata rana da azahar ina jiran saƙon Malam Sanusi, sai na ja hirar zuwa sama, wurin tsofaffin saƙonni. Na san abin da ke can, na daɗe ina kauce masa. Na danna biyun ƙarshe. Malam Sanusi ne yana cewa, "Rawayan ga sabon zuwa na, kak ka sa shi cikin sauran. Ware shi roba wata guda, ka ga ko yana ɗauke da wani abu." Sai muryar maigida, da ƙarar mota a bayanta, yana dariyar nan tasa: "To, na jiya, na jiya. In sha Allahu ni ware shi."

Ina tune da ranar da ya kawo shi. Ko takalmi bai cire ba ya kwance ledar ya juye kifin a akwatin, yana kira na in zo in ga kyau. Shi ya shigo da cutar gidan. An faɗa masa, ya ce ya ji, bai yi ba, halinsa ke nan tun ina amarya. Sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki, abin da ban ji ba tun ranar da aka bugo waya. Haushi ne. Na ce wa salular, da ƙarfi, "Kai dai ba ka jin magana. An ce ka ware, ka ƙi. An ce ka bar tuƙi in kana jin barci, ka ƙi. Bidon ma ba ka iya hwaɗa mini ruwa zalla na a ciki ba?"

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Da wa kike?"

Na ce, "Da shi."

Ta dube ni, ta koma wurin tukunyarta. Haushin ya yi mini kwana biyu, sannan shi ma ya kwanta, na koma yadda nake.

Ɗigon suka ragu, suka ɓace, wannan karon ba su dawo ba. Da wata ya cika na fara maida gishirin, shi ma a hankali, mako guda cur, don Malam Sanusi ya ce hawa ya fi sauka haɗari. Launin Hajiya ya dawo. A falo kuma akwatin yana ta kumfarsa ba kowa a ciki, baƙi su shigo su leƙa su ce ina kifin, in ce yana ɗaki.

Ina godiya ga Yaya Hamidu duk da gishirinsa, da likitan da ya ce bai sani ba maimakon ya ba mu abin da ya ga dama, da Malam Sanusi da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ƙorafina ɗaya ne, kuma wanda zan kai wa ba ya nan. Ga mai irin wannan kifi: sabo a ware shi, a auna ruwa da ma'auni ba da harshe ba, kar a yi masa maganin tarwaɗa ko na akuya. Ga 'yar'uwata mace kuma, ki tambayi abin da ke cikin bidon tun mai shi yana amsawa. Nawa na rubuta a jikinsa da babban baƙi: ruwa zalla.

Ranar da na fita takaba mata suka zo, na yi wanka na sa sabon zane, aka yi mini lalle, aka yi addu'a. Inna ta riga ta ɗaure kayanta, ta ce gobe sai Illela, in je in ga dangi in sha iska. Na ce sai bayan kwana biyar.

"Kwana biyar na mi?"

"Akwatin bai cika mako goma ba."

"Ke kin gama naki, gilashi bai gama ba?"

Na ce bai gama ba. Ta yi tsaki, ta kwance kayanta.

Ranar da mako goman ya cika, bayan karin safe, na auna ruwan robar na auna na akwatin, allura ta tsaya wuri ɗaya. Na ɗauko Hajiya a kwano na sauke ta a hankali. Ta tsaya cak, ta yi zagaye ɗaya, sai ta nufi ramin dutsen da suke kwana ita da Alhaji shekara uku. Ramin yana da faɗi, yanzu duk nata ne. Ta shiga ta lafe a ɓangaren hagu, inda ta saba, ta bar na dama a buɗe. Na tsaya ina jira ta gyara ta koma tsakiya. Ba ta koma ba.

Hannuna ya jiƙe, na shiga ɗaki neman tawul. Sai idona ya sauka a kan gado. Katifar ta lotsa ta jikin bango, wurin da nake kwanciya. Ɓangaren ƙofa yana nan sumul, zanen gadon ko yamutsewa bai yi ba, matashinsa a inda ya bar shi. Wata huɗu da rabi ina shiga ɗakin nan ban lura ba.

Na zauna a ɓangarensa da jiƙaƙƙen hannuna. Nan kukan ya same ni, da lallena da sabon zanena, bayan duk masu gaisuwa sun daɗe da watsewa. Inna ta leƙo, ta ja mini ƙofar. Ita ta ba kifin abinci ran nan.